Tambayi Likita: Wa ya gwada maganin nan?

Tun da aka gama kaka, iskar hunturu ta fara kaɗawa, saƙonnin da ke shigo mini kusan duk a kan ciwo suke. Ga ciwon baya na waɗanda suka sha dakon buhunan gero da aya, ga ciwon ƙashi na yara masu emasi, wato amosanin jini, da sanyi ke tayar wa, ga kuma irin ciwon nan da ke hana gida duka barci. Na zaɓi saƙo biyar, na taƙaita wasu, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Shekara 24 ke nan ina duba marasa lafiya a jihar Maradi, tun daga ƙaramin asibitin ƙauye har na dawo cikin gari, kuma kafin in rubuta wa mutum takardar magani akwai tambayar da nake yi wa kaina: wa ya gwada wannan, a kan mutum nawa, me ya gani? Da ita zan amsa muku yau.

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan dako ne a kasuwa, shekarata 41. Kwana shida da suka wuce na sunkuya zan ɗaga buhun aya, bayana ya riƙe. Na je asibiti na roƙi a yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, da allura. Likitan ya danna nan ya danna can, ya sa na ɗaga ƙafa, ya ce ba sai an yi hoto ba. Ya ba ni ƙwayoyi na kwana biyar, ya ce kada in kwanta, in riƙa tafiya. Anya ba don ya ga ni talaka ne ya sallame ni ba? (Daga unguwar Sabon Gari)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Bai raina ka ba. Abin da ya yi maka shi zan yi wa ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya.

Lokacin da na fara aiki, mai ciwon baya kwantar da shi muke yi a kan tabarma, sati guda ko biyu, mu ce kada ya motsa. Haka muka gada, kuma a hankalce abin ya yi daidai, tunda wurin da ke ciwo ai hutu yake so. Amma a 1995 likitoci a birnin Helsinki na ƙasar Finlan suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki ma'aikata 186 da bayansu ya riƙe kamar naka, suka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko aka kwantar da su kwana biyu, na biyu aka koya musu motsa baya, na uku aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon abin da za su iya jurewa. Na ukun nan su suka riga kowa warkewa, suka riga kowa komawa aiki. Waɗanda aka kwantar su suka fi daɗewa.

Ka lura da maganar ƙuri'a, don ita ce ƙashin bayan gwajin. Da likita ne ya zaɓa da kansa, zai kwantar da waɗanda suka fi jin jiki, ya bar masu sauƙi su yi yawo, ƙarshe ba wanda zai san ko kwanciyar ce ta jinkirta su ko tsananin ciwon. Ƙuri'a ba ta san kowa ba. Tana zuba masu tsanani da masu sauƙi, tsofaffi da matasa, a kowane gida, sai ya zama abin da ya bambanta su kawai shi ne abin da ake gwadawa.

Akwai wani gwajin da ya fi wannan ba ni mamaki. A 2014, a Ostireliya, aka raba mutum sama da 1,600 masu sabon ciwon baya: wasu aka ba su parasitamol, wasu aka ba su ƙwayar holoƙo, wato mai kama da magani amma babu komai cikinta, kuma ba wanda ya san wadda yake sha. Masu parasitamol sun warke a wajen kwana 17, masu holoƙo a wajen kwana 16. Wannan bai rage wa parasitamol daraja a zazzaɓi ko ciwon kai ba. Abin da ya nuna shi ne yawancin ciwon baya irin naka da kansa yake tafiya cikin 'yan makonni, kuma duk abin da mutum ya yi a ƙarshe, ko allura, ko ƙaho, ko jiƙo, shi ke karɓar godiya.

Batun hoto kuwa, a 2015 aka tattara hotunan bayan mutum sama da 3,000 waɗanda ba sa jin ciwon komai. Cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin ɗari an ga faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya fara zaizayewa. Cikin 'yan shekara 80, kashi 96. Furfura ce ta ciki. In aka ɗauki hoton ɗan dako mai shekara 41 ba za a rasa abin gani ba, sai a nuna maka a ce ga matsalar, ka koma gida da tsoron sunkuyawa, alhali wataƙila abin nan ya fi shekara goma a wurin bai dame ka ba. Ga kuɗin da ya tafi, jikkunan da za su ciyar da gidanka kwanaki.

Allura ma na san yadda muke ji da ita, har wasu na ganin likitan da bai tsira ba bai yi aiki ba. Maganin ciwon nan diklofenak da ke cikin kwalbar allura shi ne dai ke cikin ƙwaya, kuma jini ɗaya suke shiga. Abin da allura ta ƙara shi ne haɗarin ƙurji mai ruwa a ɗuwawu, da taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Na ga yara da dama suna jan ƙafa har girmansu saboda allurar da aka yi musu a gurbin da bai dace ba. Muna ajiye ta ne don mai amai, ko wanda ba ya iya haɗiya, ko ciwon da ya kai a kwantar da mutum.

Dannawar da ya yi maka da ɗaga ƙafar, alamun haɗari yake nema. Ka riƙe su: zazzaɓi da zufar dare, rama ba dalili, tari da ya daɗe, ciwon da ke ƙaruwa in ka kwanta da dare, ko wani ƙashi da ya fara turowa a tsakiyar baya. A ƙasarmu waɗannan na iya zama tarin fuka ya kama ƙashin baya, kuma a nan hoto wajibi ne. In ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ka sani ba, ka taho a ranar, ko da tsakar dare ne.

Na san cewa "ka rage aiki" magana ce mai sauƙi a bakin wanda ke da albashi. Ko da haka, sati biyun nan ka nemi amalanke, ka raba buhu biyu, ka bar wa yara manyan kaya. Ƙwayoyin da ya ba ka ka sha bayan ka ci abinci, ka sha ruwa sosai, kuma in kwana biyar sun cika ka tsaya. Ka guji haɗin da masu tallan magani ke ƙullawa a leda. Sau da yawa magunguna biyu ko uku ne 'yan gida ɗaya a ciki, kowanne na cin ciki da ƙoda, wani lokaci har da deksametazon mai kumbura fuska.

Tambaya: Likita, ni ɗan kabu-kabu ne. Na fara shan tramol saboda ciwon ƙugu shekara uku da suka wuce, yanzu in ban sha ba ko babur ba na iya tayarwa. Abokina ya ce ya ji Turawa sun gano daga saiwar tafashiya ake samunsa, saboda haka maganin gargajiya ne, ba ya illa. Gaskiya ne? (Daga unguwar Zariya)

Amsa: Ƙanena, abokinka ya ji rabin labari ne. A 2013 wasu masu bincike sun sanar cewa sun samu tramadol, wato tramol ɗin nan, a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, labarin ya zagaya duniya. Shekara guda bayan nan wasu masana daga Jamus suka koma suka sake dubawa. Suka same shi a saiwar, suka kuma same shi a ƙasar wurin, da ruwa, da saiwar wasu itatuwan da ba ruwansu da tafashiya. Tafashiyar da aka haƙo a kudancin ƙasar kuwa babu ko ɗigo. Ashe manoman yankin ne ke sha, suna kuma ba shanun huɗa don su jure rana, fitsarinsu ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. Sanarwar farko ta kai kunnen abokinka, gyaran bai kai ba, kuma haka abin yake yawan faruwa. Tramadol a ɗakin haɗa magunguna aka ƙirƙiro shi, kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar da shi kasuwa a 1977. Ko da ma a ce daga itace yake, ai zaƙami ma tsiro ne.

Magani ne na gaske, ɗan dangin morfin, babban maganin kashe ciwo mai tsanani, ina rubuta shi, bayan tiyata ko karaya, na 'yan kwanaki. Ƙwayar farmasi miligiram 50 ce, kuma iyakar abin da aka yarda babba ya sha a yini miligiram 400 ne. Wanda ke yawo a tasha akwai mai 120, mai 225, har mai 250. Biyu daga cikin manyan sun riga sun haura iyaka, kuma abin da ke biyo baya shi ne farfaɗiya. Kai kuma a kan babur kake, da matar wani da ɗanta a bayanka.

Ciwon ƙugun da ya sa ka fara, an gwada. A 2018 a Amurka aka bi tsofaffin sojoji 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya, ƙugu ko gwiwa har shekara guda, rabi a kan magunguna dangin morfin, rabi a kan waɗanda ba dangin ba. A ƙarshen shekara masu dangin morfin ba su fi sauran iya aiki ba, ciwonsu bai fi sauƙi ba, illolin magani kuma sun fi yawa a wajensu. Amurkawa sun biya wannan darasi da tsada. A 1980 wata mujallar likitoci ta buga wasiƙa mai jimla biyar, tana cewa marasa lafiya da ke kwance a asibiti ba safai suke kamuwa da jarabar waɗannan magunguna ba. Aka riƙa ambaton wasiƙar nan sau ɗaruruwa kamar wani babban bincike ne, aka kafa hujja da ita wajen ba mutane ƙwayoyi su tafi gida su sha wata da watanni. Kamfanin da ya fitar da OxyContin, wata ƙwayar ciwo ta dangin morfin, a 1996 ya amsa laifin yaudara a kotu a 2007. A 2021 mutum sama da 100,000 suka mutu a ƙasar saboda shan ƙwaya fiye da kima, mafi yawansu ta dangin nan.

Abin da kake ji da safe, kasala, ciwon gaɓoɓi, hamma, zufa, baƙin rai, yawancinsa jikinka ne ke neman ƙwayar. Kada ka yanke rana ɗaya, bayan shekara uku zai kayar da kai ka koma. Ka je wurin likita ka faɗa masa ainihin adadin da kake sha, ba rabinsa ba, a tsara maka ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Rubuto mini da ka yi ya nuna ka riga ka fara.

Tambaya: Ranar rigakafi na so in ba jaririyata nono lokacin da za a yi mata allura, wata tsohuwa a layi ta ce za ta shaƙe, kuma jariri ba ya jin zafi kamar babba. (Wata uwa daga Tibiri)

Amsa: Ki ba ta, uwar ɗiya. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a rungume jariri a ba shi nono lokacin allurar rigakafi ko dab da ita, domin gwaje-gwaje sun nuna kukan ya fi gajarta. Ki fara ba ta kafin a tsira, ki ci gaba bayan an cire. Tsohuwar kuma kada ki ga laifinta, manyan likitocin Turai ma sun daɗe a kan wannan ra'ayi. Har cikin shekarun 1980 ana yi wa bakwaini tiyata da ɗan abin kashe zafi kaɗan ko babu, sai da gwajin da aka buga a Ingila a 1987 ya nuna waɗanda aka kashe wa zafi sosai sun fi tsira daga matsaloli bayan aikin. Jariri na jin zafi sarai, bakin faɗa ne ba shi da shi.

Tambaya: Baba likita, ni sabuwar ma'aikaciyar jinya ce, wata takwas da fara aiki. Akwai yaro mai emasi, ɗan shekara 16, da ake kawo mana yana birgima. Manyana suna cewa ya saba da allura ne, tunda har sunan maganin yake faɗa, a sa masa ƙarin ruwa a jira. A makaranta ba haka aka koya mana ba, amma ban isa in yi musu gardama ba. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗiyata, abin da aka koya miki shi ne daidai. A amosanin jini, wanda muke ce wa emasi, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce sikila, ƙwayoyin jini ne ke lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyi, ƙashi ya rasa jini. Ciwon na cikin mafi tsanani da ɗan Adam ke ji. Ƙa'idar da masana suka fitar a Amurka a 2014 ta ce a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi cikin minti 30 bayan an tantance shi, ko awa guda da isowarsa, a kuma riƙa komawa kansa kowane minti 15 zuwa 30 har ciwon ya lafa. Ƙarin ruwa na wanda ruwan jikinsa ya ragu ne, ba ya maye gurbin maganin ciwo, in ya yi yawa ma huhu yake cikawa. Yaron da ya kwana asibiti sau talatin dole ya san sunan abin da ke yi masa aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsoron manyanki yana da tushe, kada ki raina shi. Sun ga masu emasi da aka saba wa allurar kashe ciwo ta pentazosin a tsoka har suka koma yi wa kansu a gida, cinyoyinsu suka zama gyambo. Maganin wannan shi ne tsari: takarda guda a rubuce, wadda ta faɗi abin da ake ba yaron nan in ya zo, da adadinsa, likita ya sa hannu, duk wanda ke aiki ya bi. Sannan a rage yawan zuwan nasa tun daga tushe. A 1995 aka tsayar da gwajin wani maganin emasi mai suna haidroksiyuriya kafin lokacinsa, saboda an ga ya rage tashin ciwon da kusan rabi, bai kamata a ci gaba da ba wasu holoƙo ba. Amma sai a 2019 aka buga babban binciken da ya nuna yana aiki lafiya a jikin yaran Afirka, a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda. Shekara 24 tsakani, alhali a nahiyarmu ake haihuwar mafi yawan masu cutar. A Kano ma, nan kusa da mu, an gwada shi wajen kare yara masu emasi daga shanyewar ɓarin jiki. Ki tambaya ko an taɓa yi wa iyayen yaron nan maganarsa.

Jinkirin nan tsohon ciwo ne. A 1747 wani likitan jirgin ruwa ɗan Sikotlan, James Lind, ya raba matuƙan jirgi 12 masu cutar zubar jinin dasashi biyu-biyu, ya ba kowane biyu magani daban. Waɗanda suka sha lemo su suka miƙe. Rundunar ruwan Ingila ba ta fara raba ruwan lemo ga kowa ba sai 1795. A 2000 wasu masu bincike sun ƙiyasta cewa sakamakon bincike kan ɗauki kusan shekara 17 kafin ya zama aikin yau da kullum, kuma wannan a ƙasashen da ke da komai ne.

Abin da ya yi mini aiki zan faɗa miki. Kada ki ɗauko littafi ki karanta wa majo, shugaban ma'aikatan jinya, a gaban mutane, za ki rasa shi ki rasa yaron. Ki samu ƙaramin littafin rubutu. Duk mai emasi da ya shigo, ki rubuta lokacin isowarsa, lokacin da ya samu maganin farko, da girman ciwonsa daga sifili zuwa goma. Wanda bai saba da lissafin ba, ni ƙwayar gujiya goma nake zuba masa a tafin hannu, in ce in duka goman su ne ciwon da ya fi kowanne a rayuwarka, ɗebi na yanzu. Na taɓa yin haka a wani asibiti da na yi aiki, ina zaton taurin zuciyar ma'aikata zan gano. Da muka zauna muka duba littafin, sai ga shi yawancin jiran dare ne, kuma dalilin makullin akwatin magani ne, yana aljihun mutum ɗaya da ke tafiya gida bayan isha'i. Ba a taɓa lura ba don ba a taɓa rubutawa ba. Aka sake tsarin riƙon makulli, aka buɗe rajistar sa hannu, jiran ya ragu ba tare da an sayi ko ƙwaya ɗaya ba. Ki kai wa majo littafinki ku biyu kaɗai, ki ce kina neman shawararsa. In yaron ya zo da zazzaɓi, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama kuwa, wannan ba na jira ba ne, ki kira likita nan take.

Tambaya: Likita, mahaifiyarmu na da sankarar mama, an ce ta kai ƙashi. Ba ta kuka, amma muna jin nishinta har asuba, kuma ta daina iya zama ta yi salla. Likitanta ya ce lokacin morfin ya yi. Kawunmu ya hana, ya ce allurar sallama ce, duk wanda aka yi wa ba ya kwana uku, kuma za ta zama 'yar ƙwaya. Mun rasa yadda za mu yi. (Daga Madarunfa)

Amsa: Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka muku da alheri a kan jinyar da kuke yi. Wannan saƙon na fi daɗewa a kansa.

Kawunku ya faɗi abin da idonsa ya gani, kuma na san dalilin. A wurinmu ana ɓoye morfin har sai mutum ya kai gargara, a ba shi ranar Talata, ya cika ranar Alhamis, dangi su ce maganin ne. Cutar ce ta riga ta gama aikinta, maganin ya zo a makare. Inda ake fara shi da wuri, a ƙaramin adadi, a riƙa ƙarawa daidai da ciwon, an bi marasa lafiya masu yawa ba a ga yana gajarta kwana ba. Mutane na shan sa watanni suna cin abinci, suna hira da jikoki.

Za ku ga kamar na saɓa wa kaina, tunda yanzu na gama gargaɗin ɗan kabu-kabu. Tambayar ɗaya ce a duka biyun, an gwada, me aka gani? A daɗaɗɗen ciwon ƙugu na saurayi mai sauran shekaru a gaba, dangin morfin ba su nuna amfani ba, sun nuna illa. A ciwon daji da ya kai ƙashi, morfin ne ginshiƙi. Yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wata ƙasa ta rasa su tun 1977, kuma a 1986 hukumar ta fitar da tsarin matakala uku na ciwon daji: a fara da masu sauƙi, a hau zuwa matsakaita, a kai ga morfin in ciwon ya buƙata. Abin da ke ƙona mini rai shi ne rabon. Wani kwamitin masana ya lissafa a 2017 cewa cikin kusan tan 300 na irin waɗannan magunguna da ake rabawa a duniya a shekara, abin da ke isa ƙasashe matalauta bai wuce kilo 100 ba. Tramol na jabu ya cika tasha, mai sankara kuma na nishi har asuba. Ba dole ne abin ya zauna haka ba. A Yuganda, tun 1993 likita Anne Merriman da abokan aikinta suka fara haɗa morfin na ruwa mai araha ana kai wa marasa lafiya har gida, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi.

Ba lalle allura ba ce. An fi son a ba da shi ta baki, kuma bisa agogo, irin mai saurin aiki kowace awa huɗu, ba a jira ciwo ya dawo sannan a ba da. Wannan ya fi muhimmanci ga uwa irin taku da ta taso a kan cewa mace ba ta raki. In kuka jira ta nema, ba za ta nema ba. Kwana biyu ko ukun farko za ta yi barci da yawa, wani ɓangarensa bashin barcin da ciwo ya hana ta ne, kuma yana raguwa. Tashin zuciya ma kan wuce. Taurin bayan gida ne ba ya wucewa da kansa, don haka ku karɓi maganin sassauta ciki tun ranar farko. In kuka ga ana tashinta ba ta farkawa sosai, ko numfashinta ya yi nisa-nisa ƙwarai, ku tsallake na gaba ku kira likitan. Ku ajiye maganin a akwati mai makulli, mutum ɗaya ya riƙe, saboda samarin gida.

Ku kuma tambayi likitan batun gashi da na'ura. Tun 2021 ana yin sa a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, kuma gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa ga ciwon da ke wuri guda a ƙashi, zama ɗaya na rage zafi kamar yadda zama goma ke yi. Tafiyar ta fi kilomita 600, shi zai duba ko jikinta zai ɗauka, ko kuma wahalar hanyar ta fi amfanin.

Shi kuma kawu, kada ku yi abin a bayan idonsa, ƙaunar 'yar'uwarsa ce ta sa shi tsayawa. Ku roƙe shi ya raka ku wurin likitan ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Ku gaya masa ta daina iya zama ta yi salla, domin mai yiwuwa a gabansa daurewa take yi. Ku nemi ya yarda a gwada kwana uku, shi da kansa ya riƙa zuwa da hantsi yana ganinta. Sannan ku tambayi Inna ita ma, a keɓe, ba a gaban surukai ba, me take so. Ku tafi da littafi, ku rubuta lokacin kowane shan magani da yadda ta kwana, ku kai wa likitan a zuwa na gaba don ya san ko zai ƙara ko zai rage.